Kaset ɗin da ba shi da na biyu: tarihin tara kiɗa, daga Birmingham zuwa Adar

A ɗakin kawuna, cikin wani ƙauye da ke kan duwatsun da ke tsakanin Buza da Keita, akwai wata adaka da ya taho da ita daga Abijan tun zamanin da yake zuwa biɗa. Bara da na je gaishe shi, ya sa aka jawo ta daga ƙarƙashin gado domin neman wata takardar gona. Takarda dai ba a gan ta ba, amma an tarar da kaset sun fi arba'in, waɗansu cikin kwalinsu, waɗansu tsirara, ƙura ta yi musu riga. Na ce masa: «Kawu, waɗannan fa?» Ya ce: «Tarkace ne, ɗana. Rediyon da ke cin su ta mutu tun ba a haifi autana ba. In kana so ka kwashe, in ba ka so yara su yi mota da su.»

Na kwashe su, kuma tun daga ranar nake juya tambaya guda a zuciyata. A Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da ke kashe kuɗi masu yawa wajen sayen tsohon faifai guda na kiɗan da ake kira hebi metal, alhali waƙoƙin da ke cikinsa suna nan a intanet, kowa na iya saurarensu kyauta. Mu kuwa muna da muryoyin da babu su ko'ina a duniya sai cikin adaka ɗaya, muna ba yara su yi wasa da su. Me ke sa faifai daraja, kuma wa ke yanke ta? Amsar tana cikin tarihin yadda kiɗa ya yi tafiya a can da yadda ya yi tafiya a nan, kuma tarihin biyu sun fi kama da juna fiye da yadda mai karatu zai zata.

Hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi, ɗan birnin Birmingham ne na ƙasar Ingila, birnin maƙera da masana'antu. Galibin masu tarihin kiɗa suna ɗaukar 13 ga Fabrairu 1970, ranar da ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko, a matsayin ranar haihuwarsa. Mai gitar ƙungiyar, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 injin ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu a wurin aikinsa. Sai ya yi wa yatsun hulunan roba, daga baya kuma ya sassauta tsarkiyar gitarsa domin ta rage masa ciwo, sassaucin nan kuwa ya ƙara wa sautin kauri da ruri. Kiɗa ne mai ƙara, wanda kunnen da ya saba da kalangu da gurmi zai iya jin sa kamar tsawa a kan rufin kwano. Ni kaina ban taɓa iya sauraren faifai guda har ƙarshe ba. Amma ba daɗinsa ne ya kawo mu ba.

Abin da ya kawo mu shi ne cewa manyan gidajen rediyo sun daɗe suna ƙyamarsa, saboda haka masoyansa suka nema masa wata hanya. A farkon shekarun 1980 samari a ƙasashe daban-daban sun riƙa gurza kaset suna aika wa juna ta gidan waya: ka aiko mini abin da ake bugawa a garinku, in aiko maka na garinmu. Ta haka kaset ɗin gwaji da ƙungiyar Metallica ta ɗauka a 1982, mai suna No Life 'til Leather, ya zagaya duniya tun ƙungiyar ba ta da faifai ko ɗaya a kanti. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai gurza kaset a kasuwar Tunfafi ko ta Tamaske ya san wannan sana'a. Bambanci ɗaya ne, kuma shi ne tushen komai: waɗannan samari sun rubuta. Kowane kaset yana tafe da sunan ƙungiya da gari da shekara, kowane mai tarawa yana da jerin abin da ya mallaka a takarda.

Da kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan sidi a 1982, wannan al'ada ta rubutu ta bi shi, har ta zama ilimi mai ƙa'idoji. Abin da mai tarawa ke nema shi ne bugun farko, musamman na ƙananan kamfanoni da suka buga ɗaruruwa ko ƴan dubbai sa'an nan suka rufe. Yana gane shi ne ta ƙananan haruffa da lambobi da ke zagaye da ramin tsakiyar faifan, waɗanda ke nuna masana'antar da ta buga shi. Tun daga 1994 aka fara ƙara wata lamba ta musamman da ƙungiyar masu faya-fayai ta duniya, IFPI, ta ƙirƙiro domin yaƙi da jabu. Don haka faifan da aka ce bugun 1988 ne amma yana ɗauke da wannan lamba, ya tona asirin kansa. Bugun Japan yana zuwa da wata siririyar takarda da ke rungume da gefen kwali, ana ce mata obi, kamar ɗamarar tufafinsu. Idan ta ɓata, farashi ya faɗi, ko da faifan bai taɓa shiga inji ba. Akwai matakan lafiyar faifai da ta kwalinsa, daga wanda ba a taɓa buɗewa ba zuwa wanda ya sha hannu. Akwai kuma shafin Discogs, da aka kafa a shekara ta 2000, inda ake jera kowane bugu da hotonsa da mafi ƙanƙanta da mafi girman kuɗin da aka taɓa sayar da shi. Misalin da masu wannan harka suka fi ambata ya ma girmi sidi: ƙaramin faifan garmaho na farko na ƙungiyar Iron Maiden, The Soundhouse Tapes, da aka buga guda 5,000 kacal a 1979. Saboda tsadarsa jabunsa sun cika kasuwa, har sai da aka koyi bambance na gaske ta launin takarda da rubutun da aka kanta a jikinsa.

Ke nan kuɗin ba na waƙar ba ne, na shaida ne. Ana sayen abin da za a iya tabbatar da asalinsa, da ranarsa, da yawan irinsa da suka rage. Shi ma ba dawwamamme ba ne: faya-fayan sidi da wata masana'anta ta garin Blackburn a Ingila ta buga tsakanin 1988 da 1993 sun riƙa rikiɗewa zuwa launin tagulla suna lalacewa a kan kanta, saboda wani kuskure a man da aka shafe su da shi.

Mu dawo gida. A Madawa da Buza da Keita, kafin kaset, wanda ke son jin makaɗi sai ya je inda makaɗin yake, ko ya jira rediyo ta kawo shi. Garmaho kayan sarakuna ne da manyan fatake da ma'aikatan gwamnati. Rediyon Nijar, wadda ta fara aiki a 1958 ta kuma koma Muryar Sahel a 1974, da Rediyon Kaduna da ake kamawa sarai a nan, su ne suka shigar da Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Ɗan Maraya Jos da Ɗan Gurmu cikin zaurukanmu. Amma abin da rediyo ta faɗa, iska ta ɗauke. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ne ya fara ba talaka ikon riƙe murya a aljihu.

Ƴan ci-rani ne suka kawo mana shi. Adar ƙasar biɗa ce tun da daɗewa, farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 kuwa sun ƙara tura samari Sakkwato da Kano da Ikko da Abijan da Libiya. Waɗanda suka girma a shekarun 1980 ba za su manta da saurayin da ya dawo gab da damina ba, da tabarau a ido, da rediyo mai kaset rataye a kafaɗa cikin rigarta ta saƙa, yara na biye da shi. Ranar kasuwa mai gurza kaset yana kafa teburinsa da inji mai baki biyu da batirin mota, ka zaɓi abin da kake so ya juye maka a kan kuɗin da bai kai na tiyar hatsi ba. Daga kaset ɗinka wani ya juya, daga nasa wani ya juya, har muryar Shata ta koma kamar mai waƙa cikin rijiya. Ba wanda ya taɓa tambayar wanne ne na asali, domin tambayar ba ta da ma'ana a wurinmu. Makaɗin Hausa daga hannun ubangidansa yake ci, da kyautar da ake yi masa a fage: doki, riga, kujerar Makka. Yawan gurza kaset ɗinsa yawan sunansa ne, yawan sunansa kuwa yawan gayyata. Abin da Bature ke kira sata, makaɗinmu ya ɗauke shi roƙo ne da wani ke yi masa kyauta.

Shi ya sa kaset ɗin Shata da ke cikin adakar kawuna ba shi da wata daraja ta musamman: irinsa dubbai ne, kuma masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Kano sun riga sun rubuta tarihin waɗannan manyan makaɗa da waƙoƙinsu. Amma inji mai kaset ba ya tsaya ga saurare kawai, yana ɗauka. Nan ne dukiyar take, kuma iri uku ce.

Na farko, abin da aka ɗauka a fage: makaɗin noma a wurin gayya, kirarin ƴan kokowa a dandalin gari, tambura ranar naɗin sarauta, zabiya a gidan biki, ƴan samariya na zamanin Seyni Kunce suna gwajin waƙar da za su kai bikin matasa na ƙasa. Gasar kokowa ta ƙasa a Tawa aka fara ta a 1975, gasar kiɗa mai sunan Ɗan Gurmu kuwa an kafa ta a 1987. Amma kafin kowane gwani ya isa babban fage, ya fara ne daga ƙaramin fagen ƙauye, inda ba mai ɗaukarsa sai wani saurayi da rediyonsa. Galibin waɗannan makaɗa ba su taɓa taka ɗakin ɗaukar murya ba. In kaset ɗin ya tafi, sun tafi.

Na biyu ya fi taɓa zuciya, kuma ban ga an kula da shi yadda ya kamata ba: kaset ɗin wasiƙa. A gidajen da ba mai karatun boko, kuma ba a son mai rubuta wasiƙa ya ji sirrin gida, sai a tara iyali da dare a danna inji. Tsoho ya yi sallama ya faɗi yadda damina ta yi, da farashin hatsi, da wanda ya rasu, da wanda aka haifa. Uwa ta yi addu'a da gargaɗi. Matar aure ta yi ƴar magana a kunyace, ba ta ambaci sunan miji ba. Yara su yi gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. A ba direba ko wani mai komawa ya kai Abijan, amsa ta dawo bayan wata biyu, sau da yawa a kan kaset ɗin nan dai. Malamin tarihi da ke son ya san yadda yunwar 1984 ta kasance a bakin waɗanda suka sha ta, ko yadda mata suka ɗauki aikin jera duwatsu da dashen itatuwa na shirin raya karkara da aka fara a Keita a wannan shekara, ko yadda karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta shiga tukunya, ba zai sami shaidar da ta fi wannan ba. Malamin harshe kuma zai ji Adaranci tsantsa, kafin finafinan Kano su goge wa yaranmu baki.

Na uku shi ne kaset ɗin gitar Abzinawa. Yankinmu ba baƙonsu ba ne: Kel Geres suna Galma da Azarori kusa da Madawa, Lisawan suna Keita, Abalak kuwa tana nan arewa da mu. Bayan abin da ya faru a Cintabaradan a watan Mayun 1990 da tawayen da ya biyo baya, waƙoƙin Tinariwen da na Abdallah ag Umbadugu sun yi yawo hannu da hannu a ɓoye, domin a kama mutum da su abin tsoro ne a lokacin. Ba a rubuta suna a jikinsu, da gangan. Sai bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 gitar ta fito fili ta zama kiɗan biki.

Sidi bai yi dogon zamani a wurinmu ba. Ya shigo da finafinan Kano da na Indiya a shekarun 2000, bugun jabu cikin leda, ƙura ta karce shi cikin wata guda, ba wanda ya yi tunanin adana shi. Salula ta zo ta ture shi: mai gurza kaset ya koma mai tura waƙa a katin waya, samari suna musanya ta blutut.

Ta wannan ƙofa ce masu tara faya-fayai na waje suka shigo mana. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya zauna a Kidal ta ƙasar Mali yana kwafar waƙoƙi daga wayoyin mutane, ya kafa kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, ya fitar da zaɓaɓɓu daga cikinsu a faifan garmaho a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones. Cikinsu akwai wata waƙa da aka ɗauka a Sakkwato a 2008, da Tamashek, amma da injin gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Sai da ya yi cigiya kafin ya gano mai ita: Mdou Moctar, ɗan Azawak na jiharmu ta Tawa, bahago, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke. Tun daga nan ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024 a kamfanin Matador na Amurka, kuma masu sharhin can suna kwatanta yatsunsa da na Jimi Hendrix da Eddie Van Halen. Kiɗansa ba hebi metal ba ne, amma masoya hebi metal suna cikin masu sayen faya-fayansa, suna jera su a Discogs da lambobinsu, suna bambance bugun farko da na biyu. Waƙar da ta yi yawo cikin wayoyinmu ba suna ba kwanan wata, ta sami takardar haihuwa a Portland.

Labarin Mamman Sani ya fi wannan zafi. A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai da ogansa na lantarki ya ɗauki kaset guda, wanda ƴan ƙalilan ne aka buga. Shekara da shekaru ƴan Nijar suna jin wannan kiɗa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, galibinsu ba su san mai shi ba. Kirkley ya ci karo da kaset ɗin cikin tarin tsofaffin kaset a Yamai, ya nemi mai shi, aka sake buga shi a 2013. Tun daga nan sunan Mamman Sani ya shiga ƙasashen da bai taɓa zato ba.

Ba na cikin masu cewa an yi mana fashi. Mutumin ya nemi masu waƙa, ya rubuta sunayensu, ya biya su rabonsu, abin da mai gurza kaset na kasuwarmu bai taɓa yi ba. Amma kada mu ɗauki kasuwarsu ma'aunin dukiyarmu. Kunnen da ya tashi da Black Sabbath gita yake nema, shi ya sa ya ji Abalak da Agadas, ya wuce Magiya bai tsaya ba. Waƙar daɓe ta matan Buza, da kirarin maharba, da wasiƙar tsohuwa zuwa ga ɗanta, ba su da farashi a Discogs kuma da wuya su samu. Cibiyoyin da aka kafa domin irinsu, CELHTO da ta faro a 1968 da cibiyar binciken IRSH ta jami'a, suna Yamai, kimanin kilomita 500 daga Madawa, kuma ba su da ma'aikacin da zai bi adaka-adaka. Wanda ke kusa da adakar shi ne malamin makarantar ƙauye, da ƙungiyar raya al'adu, da gidajen rediyon karkara da suka fara bazuwa tun 1999.

Abin da ya cancanci mu ara daga masu tara hebi metal shi ne alƙalaminsu. Kaset yana mutuwa da zafi da ƙura da laima, injunan da ke karanta shi suna ƙarewa, amma abin da ya fi saurin ƙarewa shi ne tsohon da zai ji murya ya ce wane ne wannan, a gidan wane, shekarar da aka yi kaza. Juye kaset zuwa kwamfuta aikin yini ɗaya ne ga wanda ya sami inji mai lafiya. In ba a rubuta wa ya yi, a ina, yaushe, kuma don wa ba, an dai ƙara wata waƙa marar suna cikin dubban da ke yawo a waya. Katin waya ma ya fi kaset rauni: ba shi da kwalin da za a yi rubutu a kai, kuma ranar da ya ƙi buɗewa ba ya barin ko ɓurɓushi. Akwai kuma wani ɗan haƙori a saman kowane kaset, wanda in an karya shi inji ba ya iya ɗaukar wani abu a kansa. Da mun san wannan a 1990, da an tsira da abubuwa da yawa.

Na sami aron inji wurin wani mai gyaran rediyo a Madawa, na koma ƙauye da shi bayan girbi. Mun yi dare uku ni da kawu muna saurare, ina rubutawa. Cikin kaset 43, guda 29 na Shata ne da Ɗanƙwairo da wa'azi da waƙoƙin Indiya, shida sun tsinke ko sun manne. Bakwai an ɗauke su a fage, kuma ya gane makaɗan biyar daga cikinsu tun kafin su buɗe baki, daga bugun ganga kawai. Biyun da suka rage ya ce sai dai a tambayi wani abokinsa a Garhanga, in yana da sauran ji. Na ƙarshe ba shi da rubutu ko kaɗan. Da muka danna, sai ga muryar kakata, mahaifiyarsa, wadda ta rasu ina aji uku, tana ce masa an sami ruwa sau biyu, jakar gidan ta haihu, kada ya aiko da atamfa, ya aiko da kuɗin hatsi. Kawu ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ta yi magana minti huɗu da ƴan daƙiƙu, tana tsakiyar gaya masa wanda ya zo neman auren ƙanwarsa, sai aka ji ƙarar dannawa, waƙar Indiya ta hau kai har ƙarshen gefen. Ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya ce shekarar da ta bi babbar yunwa ce, domin a shekarar ce jakar ta haihu. Na karya haƙorin kaset ɗin, na rubuta sunanta da 1985 a jikinsa, na mayar masa da shi cikin adaka.